Ɗan Kokowa Na Wane Ne?

Bara da kaka, ana cikin ɗaurin dammunan hatsi, wani dattijo ya yi mini sallama ranar wata Lahadi da hantsi a gidana da ke nan Tawa. Tun kafin ya sauke amawali na gane shi. Uban wani ɗalibina ne, yaron da na koyar a ajin ƙarshe na firamare a wani ƙauye da ke arewa da Barmu, lokacin ina can. Muka gaisa, aka kawo ruwa, ya tambayi iyali, na tambayi damina, sannan ya ce: "Mushe, yaronka ya ƙi kiran manya. Kai ɗai shika jin maganakka."

Yaron yanzu ya ba ashirin baya. Kaka biyu ke nan ba a kai bayansa ƙasa ba a duk ƙauyukan kewayensu. Masu tace ƴan kokowa suka aika masa ya zo a gwada shi, in ya yi abin kirki a sa shi cikin waɗanda za a fitar da goman jiha daga cikinsu. Ya ce ba ya zuwa. Ashe wani mai hali daga wata jiha ya riga ya neme shi ta waya, ya yi masa alkawarin babur da ɗaki da ɗan aikin gadi, in dai zai je ya yi musu kokowa. Ban bari dattijon ya rufe baki ba na yanke hukunci. Na ce girman kai ne irin na yaran zamani, su kayar da mutum biyar su ɗauka ƙasa ta yi musu kaɗan. Dattijon ya gyaɗa kai, ya tafi da alkawarin zan neme shi.

Da dare na kasa barci, don na san na yi abin da nake hana ɗalibaina, wato ba da amsa kafin karanta tambaya. Shi ya sa na koma na bi tarihin wannan al'amari na a kira matashi ya ƙi zuwa, a nan gida da kuma can inda abin ya fi shahara. Abin da na tarar shi nake so in raba da ƴan'uwana malamai da iyaye, don na san akwai irin wannan yaro a ajin kowa, ko a ɗakin kowa.

Bari mu fara da Amurka, tunda su ne suka mai da abin doka. A manyan wasanninsu, matashin da ya gama jami'a ko ya isa shiga sahun ƙwararru ba shi ke zaɓen ƙungiyar da zai yi wa wasa ba. Ana zama ne sau ɗaya a shekara a yi rabo, abin da suke kira diraf. Ƙungiyoyin da suka zo baya a bara su ke fara zaɓa, su ɗauki waɗanda suka fi kowa, a bi da bi har a zo kan zakara, wadda ke ɗaukar abin da ya rage. Hikimar a fili take: kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye duka, kada na baya ya dawwama a baya. Masu ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a hannu ana ture-ture, su suka fara wannan tsari a watan Fabrairu na 1936 a birnin Filadelfiya, bisa shawarar Bert Bell, wanda ƙungiyarsa ta Eagles ke shan kashi saboda ba ta iya gasar kuɗi da manya. Abin dariya, mutumin farko da aka taɓa zaɓa a tarihin wannan rabo, Jay Berwanger, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar ba. Kuɗin da ya nema ya fi wanda aka taya, sai ya kama kasuwancinsa. Ashe ranar da aka haifi kiran, ranar aka haifi ƙin amsawa.

Daga nan sai sunaye suka yi ta biyowa. A 1983 ƙungiyar Colts ta birnin Baltimo, wadda ba ta ci wasa ko guda ba a kakar da ta gabata, ta zaɓi John Elway. Ya ce shi ba zai je ba, in an matsa masa zai koma wasan besbol, inda ƙungiyar Yankees ta riga ta ba shi wuri. Dole aka sayar da shi ga Denba, can ya yi shekara 16, ya ci kofi biyu a ƙarshen wasansa. A 1986 Bo Jackson ya ƙi ƙungiyar Tampa, kuma shi dalilinsa ya fi na kowa nauyi: sun ɗauke shi a jirgin mai ƙungiyar ya kai musu ziyara, ziyarar ta jawo aka haramta masa ƙarasa wasan besbol na jami'arsa, ya ɗauka da gangan suka yaudare shi, ya rantse ba zai sa rigarsu ba, kuma bai sa ba. A 1991, a wasan hoki da ake yi kan ƙanƙara, Eric Lindros ya ƙi ko da sa rigar ƙungiyar Kebek ranar da ta zaɓe shi. Shekara guda ana ja-in-ja, a 1992 aka miƙa shi ga Filadelfiya, Kebek ta karɓi tarin ƴan wasa da dala miliyan 15. Ƙungiyar da ya raina ta ƙaura zuwa Kolorado, ta ɗauki kofi a 1996 da taimakon mutanen da aka ba ta a madadinsa, shi kuwa har ya yi ritaya bai taɓa wannan kofi ba. A 2004 kuma Eli Manning ya shaida wa San Diyego tun kafin zama kada ta zaɓe shi. Ta zaɓe shi, ya riƙe rigar fuska a murtuke, kafin a tashi daga taron an yi musayarsa zuwa Giants ta Niyok, inda ya ci kofi biyu.

Duk an kira su masu girman kai a jaridun lokacinsu, an yi musu ihu a filaye. To amma a duba su wane ne. Uban Elway mai horar da ƴan wasa ne a jami'a. Uban Eli, Archie Manning, shi ne na biyu da aka zaɓa a rabon 1971, ya tafi ƙungiyar Saints ba musu, ya yi sama da shekara goma yana shan duka a ƙungiyar da ba ta taɓa gama kaka da rinjaye ba a zamaninsa. Uban da ya ga haka a jikinsa, me kake zaton za a riƙa faɗi a gidansa? Waɗannan samari sun ƙi ne don suna da wani rumbun a bayan ɗaki. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ɗaruruwan da ake zaɓa kowace shekara ba su da wannan gata, inda aka ce su je nan suke zuwa, suna murmushi a gaban kyamara ko ransu na so ko ba ya so.

Akwai mutum ɗaya da nake ware shi daban, Curt Flood, baƙar fata ɗan wasan besbol. Shi ba sabon shiga ba ne, ya yi wa ƙungiyar Cardinals shekara 12, sai a 1969 aka sanar da shi an sayar da shi ga Filadelfiya ba tare da an tambaye shi ba. Ya rubuta wa shugaban wasan cewa shi ba kaya ba ne da za a saya a sayar. Ya kai ƙara har kotun ƙoli, ya faɗi a 1972, wasansa ya mutu. Amma ƙofar da ya girgiza ta buɗe a watan Disamba na 1975, lokacin da wani mai sasanci ya yanke cewa ɗan wasan da yarjejeniyarsa ta ƙare yana da ikon zuwa inda ya ga dama. Shi ma an ce masa mai girman kai, mai butulci. Yau ƴan wasan Amurka albarkacinsa suke ci.

Ku riƙe wannan shekara ta 1975, don a cikinta ne mu kuma muka yi akasin haka, a nan cikin garin Tawa.

Kafin ita, kokowa a Adar ba ta san jiha ba, gari ta sani. Na tarar da wutsiyar wannan zamani ina yaro, kuma tsofaffinmu sun ba mu labarin sauran. In an gama girbi, rumbuna sun cika, wata ya yi fari, samarin gari kaza za su aika wa na gari kaza cewa ga su nan tafe. Sarkin samari ya raba baƙi gida-gida, ƴan mata su yi daka, a dama fura, a tuƙa tuwo, bayan la'asar ko bayan isha a cika dandali. Ɗan kokowa na garinsu ne ba tare da an tambaye shi ba, kamar yadda ba a tambayarsa ko yana son sunan ubansa. Dalili kuwa, garin ne ya yi shi. Gwaggonsa ce ke ajiye masa nono, kawunsa ke rage masa aikin gona in wasa ya matso, malami ya yi masa rubutu, wani tsoho ya ba shi guru ko layar da ya gada, makaɗi ya san kakansa na uku, ya san wanda kakan ya kayar da inda ya kayar da shi. In ya yi kaye, garin ne ya yi kaye. In ya faɗi, mata ba sa son zuwa rijiya washegari saboda habaicin matan ƙauyen da ke kusa. A irin wannan zama, yaro ya ce ba zai shiga wa garinsu ba, ai ba ya ma faɗuwa a baki.

Sai dai kada mu yi wa tarihi kwalliya. Ba'adare matafiyi ne tun asali. Ƙasarmu ta duwatsu da fako ba ta taɓa riƙe ƴaƴanta wata goma sha biyu ba. Daga Keita, Buza, Tamaske, Kalfu, Illela, in rani ya yi gari sai tsofaffi da mata, maza sun tafi cin rani Sakkwato, Kano, Ikko, Kumasi, daga baya Abijan da Libiya. Ƴan kokowa ma haka suke yawo da makaɗansu gari-gari, kasuwa-kasuwa, su sauka wurin sarki ko attajirin da ya kira su, su yi masa wasa, ya yi musu kyauta. Ba wanda ya ce sun ci amana, saboda kowa ya san inda za su koma da abin da suka samo, kuma ko a ina suka yi kirari sunan garinsu suke kira.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, Seyni Kountché ya hau, ƙasa tana fitowa daga fari da yunwar da suka kashe dabbobi suka watsa mutane. Sabuwar gwamnati ta rushe jam'iyya, tana neman abin da za ta tara jama'a da shi, musamman matasa. Sai ta ɗauko tsohon tsarin samariya na gargajiya ta sa masa rigar hukuma, ta kuma ɗauko kokowar dandali ta mai da ita gasar ƙasa. Karo na farko a Tawa aka yi shi a 1975, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya tashi da sarautar. Mu masu masauki muka ga baƙo ya cinye mana tuwo a gida, abin da tsofaffinmu ba su manta ba har yau. Daga nan gasar ta riƙa zagaya manyan garuruwa, rediyon Muryar Sahel tana kai ta kowace bukka, sunaye irin su Salma Ɗan Rani na Doso, Langa-Langa na Damagaram da namu Kadade suka zama abin da yara ke laƙaba wa juna a filin makaranta. Filayen kokowa na jihohi ma sunayen irin waɗannan mazaje aka sa musu, namu na Tawa yana ɗauke da sunan Hamidin Mai Dare.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, a wannan shekara an sauya wa ɗan kokowa mai shi. An ɗauke shi daga hannun gari an miƙa wa taswirar mulki. Jihohin bakwai ne a lokacin, kafin a raba Tilaberi da Yamai su zama takwas, yau kowace na kawo mutum goma, tamanin ke nan, ana tankaɗe wanda bai faɗi ba har a rage biyu. Yaron Takanamat da yaron Madawa, waɗanda kakanninsu ba su taɓa cin kasuwa ɗaya ba, aka ce musu ku ƴan gida ɗaya ne, ga rigarku. Kuma abin ya kama, ban musa ba. Ni kaina in ɗan Tawa ya faɗi a rediyo, abinci ba ya yi mini daɗi a ranar. Amma wannan kishin jiha da muke zagin yara a kansa kamar wanda aka saukar daga sama, shekararsa hamsin ne kacal. Ubana ya girme shi.

To me jiha ta ɗauka daga nauyin da gari ke ɗauka? Nan ne maganar ta yi tsami. Gari yana ciyar da ɗan kokowa shekara zagaye, yana jinyarsa in ya karye, yana girmama shi in ya tsufa. Jiha kuwa takan tuna da shi ne in gasa ta matso: a tara su ƴan makonni, a ba su abinci da riguna, a yi kwana goma ana kiɗa, cali-cali suna ba mutane dariya, manya suna liƙi, sannan kowa ya kama gabansa. Wanda ya ɗauki takobi ya samu doki da rawani da miliyoyin sefa, sunansa ya shiga tarihi, kamar Issaka Issaka na Doso da ya ɗauke shi karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Sauran saba'in da tara fa? A ƙauyen da na koyar akwai wani tsoho da ya taɓa shiga goman jiha a zamanin Kountché. Gwiwarsa ta dama tun can ta lalace. Ban taɓa ganin motar wata hukuma ta tsaya a ƙofarsa ba, ƴan garin ne ke noma masa gayya. Wannan tsoho shi ya koya wa ɗalibina kamun ƙafa.

Da kuɗi suka shigo wasan sosai, kamfanoni da ƴan kasuwa da ƴan siyasa suna zuba kyaututtuka, sai jihohin da ba su da yawan ƙauyukan kokowa suka fara neman ƙarfi daga waje. Duk mai bin gasar ya san a cikin goman wasu jihohi akwai mazajen da ba can aka yanke musu cibiya ba. Ba yara suka ƙirƙiro wannan ciniki ba. Manya ne masu rawani da manyan riguna suke buga waya, su ke tayawa. In yaro ɗan shekara ashirin ya amsa tayin, sai mu tattara laifin duka mu aza masa. Laifi tudu ne.

Yanzu bari in taɓo namu, mu malamai, don mu ma ƴan rabo ne. Ranar da muka gama makarantar horon malamai, ba wanda ya tambaye mu inda muke so. An liƙa takarda a bango, kowa ya nemi sunansa. Nawa ya faɗo a wani ƙauye da ban taɓa jin sunansa ba, can inda gonakin Adar ke ƙarewa makiyaya su fara, mota sai ranar kasuwa, aji na zana ne wanda iskar hunturu ke kwashewa, ruwa sai an bi jaki. Na yi kuka a ɓoye, na tafi. Cikin abokan karatuna akwai waɗanda ba su taɓa kwana ɗaya a inda aka tura su ba. Kawu ya yi waya, an gyara takarda, sun zauna birni. Ban taɓa jin an kira ɗayansu mai girman kai ba, cewa ake yi yana da ƙafa. Su ne Manning ɗinmu. Wanda ake zagi shi ne ɗan talakan da ya je ya ga wurin, ya kasa, ya gudo.

Amma kuma shekara goma sha ɗaya da na yi a ƙauyukan arewa ta koya mini ɗayan gefen, kuma ba zan ɓoye shi don in kare ɗalibina ba. In aka bar kowane malami ya zaɓa, makarantar ƙauye ba za ta taɓa ganin malamin kirki ba. Shi wannan yaro da muke magana a kansa, da ni ma na sami mai yi mini waya, wa zai koya masa karatun da yake karanta saƙon mai babur da shi? Hujjar Bert Bell ta 1936 ita ce hujjar mai liƙa takarda a bangon makarantarmu: na baya shi ya fi cancanta da gwani. Don haka ban yarda a ce kira ba shi da haƙƙi ba. Yana da shi. Abin da na ƙi shi ne mai kira ya ɗauka haƙƙin nan kyauta ne, ba ya bin sa komai.

Da wannan tunani na hau mota ranar kasuwa na tafi ƙauyen. Na same shi a bakin rijiya yana ba shanu ruwa, ya zama ƙato, wuya kamar turmi, amma da ya gan ni ya rusuna kamar yana aji. Muka koma gindin wata bagaruwa. Ban yi masa faɗa ba, tambayarsa na yi. Ya ce: "Mushe, kai ka koya muna lissahi. In na tahi wajen namu, mutum nawa ag gabana? Manyan da sunka daɗe ba a hidda su. In na karye wajen gwaji, wa ka biyan magani? Can an ce ga ɗaki, ga aiki, ko an yi wasa ko ba a yi ba." Ya ce ƙannensa biyu mata suna makarantar sakandare a Tawa, shi ke aika musu kuɗin sabulu. Ya ce in ba wannan ba, Libiya zai tafi kamar sa'o'insa.

Na rasa abin da zan kushe a lissafin. Jiha mai yawan gwanaye kamar tamu, shiga gomanta ya fi wuya, wannan ko yaro ya sani. Har na fara shirin komawa in ce wa uban ya bar shi, sai na bi ta gidan tsohon nan mai gwiwa don mu gaisa. Nan na ji sauran labarin, wanda uba ya ji kunyar faɗa mini, shi kuma yaron ya tsallake.

Ashe da ƴan aiken suka zo, a gaban jama'a ya amsa musu, yana zaune bai tashi ba. Da tsohon ya ce masa ya bari a yi shawara, sai ya ce shi ba wanda ya yi shi sai Allah da ƙarfinsa. Da makaɗin garin ya tare shi da take a kasuwa, ya wuce bai ko ɗaga hannu ba, ya ce ya wuce kiɗan ƙauye. Har ya sa wani ya ɗauke shi a waya yana kirari, yana cewa ba sauran namiji a Adar, aka watsa a WhatsApp. Tsohon bai ɗaga murya ba da yake ba ni labari. Cewa ya yi: "Malam, tahiya ba ta dame ni ba, mu ma mun yi yawo. Amma mu da sallama muka hita."

Ashe hukuncina na farko ya faɗa kusa da gaskiya, amma a kan abin da ba shi ne laifin ba. Na ɗora girman kan a kan ƙin zuwa, alhali ƙin zuwan yana da hujjar da ta fi ta Elway ƙarfi. Girman kan yana cikin cewa ba wanda ya yi shi. Jiha ba ta bin sa bashin da ya kai a tilasta shi. Gwaggo mai nono, da makaɗi, da tsoho mai gwiwa, su suke bin sa, kuma su ba su ce kada ya tafi ba. Mu iyaye da malamai mukan haɗa biyun mu dunƙule, mu ce wa yaro biyayya ita ce ka je inda aka ce. Shi kuma da ya gano lissafin bai fita ba, sai ya watsar da biyayyar gaba ɗaya, har da wadda ta wajaba a kansa.

Na koma na same shi da dare. Na ce masa ba zan hana shi tafiya ba, zan ma faɗa wa ubansa haka, amma da sharaɗi uku. Ya je da kansa ya sami waɗanda suka aiko masa, ya yi musu godiya, ya gaya musu dalilinsa a tsaye. Ya sa mai babur ya rubuta alkawarinsa a takarda, da abin da zai faru in ya ji ciwo, ni zan karanta kafin ya sa hannu. Na uku, ya ɗauki goro ya bi ubansa zuwa gidan tsohon da gidan makaɗi. Na farko da na biyu ya amsa nan take. Na ukun sai da ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke.

Ya je gidan tsohon, ina wurin. Ya durƙusa, maganar ta ƙi fita, uban ne ya yi ta. Tsohon ya karɓi goron, ya sa masa albarka, amma gurun da kowa ya san ya yi niyyar ba shi, bai ɗauko ba. Gidan makaɗi kuwa bai je ba, ya ce sai ya dawo. Takardar ma ba a rubuta ba, mai babur ya ce shi maganarsa ta fi takarda, yaron kuma ya tafi a haka ba tare da ya sanar da ni ba.

A can bai shiga goman ba. An ajiye shi cikin masu jiran ko-ta-kwana, ya kalli gasar daga gefen fili. Ɗakin an ba shi, aikin gadin ya yi wata huɗu, babur ɗin har yau ana cewa yana hanya. Da ruwan farko ya sauka ya dawo ya kama hauya. Makon jiya uban ya sake zuwa gidana, wannan karon roƙonsa shi ne in je in yi magana da masu tace ƴan kokowar jiha, ko za su sake duba yaron bana. Na ce zan je, kuma zan je, don ba su da hujjar rufe masa ƙofa. Sai dai na tambaye shi ko an kai goron nan gidan makaɗi. Ya ce tukuna. Hatsi ya fara nuna a arewa, nan da ƴan makonni za a share dandali, kuma a garinsu ba a shiga fili sai an kaɗa wa mutum takensa.